Finjali nawa ka sha jiya? Wahalar auna kafeyin daga bakin mai sha

Idan ka tsaya ƙofar wani gida a unguwar Yantala ta Yamai da hantsi, ka tambayi mai gadin da ya kwana a wurin ko ya sha kafe jiya, yana iya ce maka bai sha ba, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai bayan isha'i ya ɗora buta a kan gawayi, shi da maƙwabcinsa sun sha shayi, dahuwar farko da ta biyu da ta uku. Wajen ƙarfe biyu na dare, da barci ya fara fizgarsa, ya sake ɗorawa. Akwai ɓarin goro a aljihunsa da ya yi ta gutsura har asuba. Da gari ya waye kuma ya sayi ƙwayar ciwon kai wajen mai tebur, irin wadda ake haɗa farasitamol da kafeyin a ciki, wato sinadarin nan mai kore barci da ke cikin kafe da shayi da goro. In takardar tambayoyin da ke hannunka daga Turai aka kwafo ta, layin da za ka cike yana neman kofin kafe nawa mutum ke sha a rana. Za ka rubuta sifili, a saka shi cikin rukunin waɗanda ba su taɓa kafeyin, alhali cikin dukan mutanen da ka tambaya a ranar ƙila babu wanda jininsa ya kai nasa ɗauke da wannan sinadari.

Abin yana damuna ne saboda lambobin da likitoci ke ba mutane shawara da su. A 2015 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce baligi mai lafiya ba shi da abin fargaba in bai wuce miligiram 400 na kafeyin a yini ba, mai ciki kuma miligiram 200. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa mai cikin da ke shan fiye da miligiram 300 a yini ta rage, don gudun ɓari da haihuwar jariri maras nauyi. Adadin da aka ƙayyade wa masu ciki, akasarin hujjarsa daga binciken da aka bi mata aka tambaye su abin da suke sha ne, don ba wanda zai yarda a ɗura wa mace mai ciki kafeyin mai yawa domin a ga abin da zai faru. Ke nan ginin yana tsaye ne a kan amsar da mutum ya bayar da bakinsa. Ya kamata a san ƙarfin wannan tushe.

Mutane da yawa in an ce amsar baki ba ta da tabbas, sai hankalinsu ya tafi kan mantuwa ko ƙarya. Akwai su, amma a wurin kafe da shayi ba su ne babbar matsala ba. Abin da mutum ke yi kullum a kan lokaci ɗaya yakan tuna shi, shi ya sa in aka gwada amsar takardar tambayoyi da littafin da mutum ya rubuta abin da ya sha rana bayan rana, kafe da shayi sukan fi yawancin abinci dacewa. Mutum ya san sau nawa yake sha. Abin da bai sani ba, kuma ba yadda za a yi ya sani, shi ne abin da ke cikin kofin.

A 2003 wasu masana a Jami'ar Fulorida ta Amurka sun sayi kafe iri ɗaya, a kofi mai girma ɗaya, a shago ɗaya na Starbucks, kwana shida a jere, suka auna. Wata rana kofin yana da miligiram 259, wata rana 564. A 2012 kuma aka wallafa wani awon da aka yi a Gilasgo ta Birtaniya, inda aka sayi ɗan ƙaramin kafe mai kauri a shaguna 20: mafi ƙaranci miligiram 51, mafi yawa 322. Mace mai ciki da ta ce kofi ɗaya take sha a rana, a wani shagon ta sha rubu'in abin da aka yarje mata a ma'aunin Turai, a wani ta zarce shi da nisa, kuma a takarda su biyun daidai suke. Mai bincike yakan ɗauki adadin kofuna ya ninka da wata lamba ta tsaka-tsaki da ya samo a jadawali, misali miligiram 90 ga kofin kafe, 50 ga kofin baƙin shayi, sai ya fitar da jimilla mai kama da abin da aka auna a sikeli. Waccan lambar ta jadawali ita ce raunin da ba ya fitowa fili.

To in haka abin yake a inda na'ura ke dafa kafe, mu zo kan butarmu. Shayin fada, wato majalisar da ake zaman hira, ba a dafa shi don mutum ɗaya. Ana zuba koren ganyen da ake kawowa daga Sin, a tafasa shi ya daɗe a kan gawayi, a zuba sukari, a yi ta juyawa daga buta zuwa finjali har kumfa ta tashi, sannan a raba wa duk wanda ke zaune. Busasshen ganyen shayi yakan ɗauki kafeyin kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na nauyinsa. Bari mu yi lissafi na misali da mafi ƙaranci. Ƙunshin giram 25 yana da miligiram 500 ke nan. Kafeyin yana saurin narkewa a ruwan zafi, kuma awon da aka yi a kan jiƙa ganye sau uku ya nuna wajen kashi biyu cikin uku a jiƙon farko yake fita. Mu ce miligiram 330 a butar farko. In mutum huɗu ne a fadar, kowa ya samu kusan 80, daidai da gwangwanin Red Bull mai mililita 250. In su goma ne, kowa ya samu 33, kamar gwangwanin Coca-Cola. Finjali ɗaya ne a bakin kowa. Wanda kuma ya iso a makare ya tarar da na uku, kusan ruwan sukari da ƙamshin na'ana'a ya sha, amma shi ma in an tambaye shi zai ce ya sha shayi. Ga mai dafawa da ke ɗanɗanawa a kowane zagaye, ga wanda ke ƙara sabon ganye a na biyu don ya ga baƙi sun ƙaru, ga wanda ke bin fada uku tsakanin la'asar da tsakar dare. Tambayar da ta dace da mu ba ta tsaya a finjali nawa ba. Sai an ji na nawa ne a jeri, ku nawa ne a kan butar, ganyen nawa aka zuba.

Kalmar kanta ma tana ruɗarwa. In ka ce wa mutumin Yamai shayi, ƙila ya ɗauka na buta kake nufi, ƙila na mai shayin bakin titi, wanda ake tsoma jakar Lipton a babban kofi da madara da burodi. Kafe kuwa a wurin mai tebur garin Nescafé ne, kuma yawansa yana ga hannun mai zubawa da kuɗin mai saye. Ƙaramin cokali na garin, wajen giram 2, yana da kimanin miligiram 60, amma ɗan kabu-kabun da zai yi aikin dare yakan ce a ƙara masa, ɗalibin da jarrabawa ta matso kuma wani lokaci yana haɗa garin da shayi ko lemon kwalba. Akwai kuma bambancin irin ƙwayar kafen: wanda ake nomawa a Kwaddibuwa, robusta, ya kusan ninka ɗayan irin da ake kira arabika yawan kafeyin, shi kusan kashi 2 cikin 100, ita kusan kashi 1.

Sai goro, wanda babu shi sam a takardun tambayoyin Turai da Amurka. Busasshen goro yana da kafeyin wajen kashi 2 cikin 100. Ɗanyen goro kusan rabinsa ruwa ne, don haka babban goro mai giram 20 yana iya kusantar miligiram 200 in an cinye shi duka, wato dukan rabon mai ciki na yini guda a ma'aunin Turai. Amma wa ke cin goro haka? Ana ɓarawa ne a ba na kusa, a gutsura a mayar aljihu, a karɓi na suna da na ɗaurin aure a ajiye. Marsa daban, ƙananan goro daban, sabo daban, daushe daban. Wani yana haɗiye tuƙar, wani yana zubarwa. Tsohuwar da ke ɗaure da goro a bakin zane ba ta lissafa shi cikin abin sha, ba ta lissafa shi cikin abinci, don haka tambayar me kika ci me kika sha jiya tana iya wuce shi ba tare da kowa ya yi niyyar ɓoyewa ba. In kuma mai tambaya bai bambanta goro da namijin goro ba, wanda bishiyarsa ma daban ce, sai ya haɗa abin da bai haɗu ba.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne tambayar kafe ke tsallakewa. A wani bincike da aka wallafa a 2008, an bi mata masu ciki 2,635 a biranen Lids da Lesta na Ingila da takardar da aka tsara musamman don kafeyin, har da sunan kamfani da girman kofi. Kashi 62 cikin 100 na kafeyin da matan suka sha daga shayi ya fito, kafe kashi 14 kacal, sauran daga lemon kola da cakulan da makamantansu. Da kafe kawai aka tambaye su, da mafi yawan abin ya ɓace.

Daga nan mutum zai ce, gani ya kori ji, a bar tambaya a ɗebi jini. Masu bincike sun bi wannan hanya, kuma tana da amfani sosai, sai dai ba ta raba gardama yadda ake zato. Kafeyin yana kaiwa ƙololuwa a jini cikin rabin awa zuwa awa ɗaya bayan sha. Daga nan hanta ke sarrafa shi da wani sinadari da ake kira CYP1A2, kusan kashi 80 cikin 100 ya koma wani abu mai suna faraksantin, ɗan kaɗan ne ke fita a fitsari yadda ya shiga. A jikin baligi mai lafiya rabin abin da ya sha yakan gushe cikin awa biyar ko kusa da haka. Wannan tsaka-tsaki ne kawai. Mai shan taba hantarsa tana sauri, lokacin yana iya raguwa zuwa kusan rabi. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa lokacin yakan kusan ninkuwa. A watannin ƙarshe na ciki yana ninkuwa sau biyu zuwa uku. Ciwon hanta yana jinkirta shi, kuma ko tsakanin masu lafiya akwai bambancin gado.

Dubi abin da wannan ke nufi a fada, inda sau da yawa sigari ke tafiya tare da finjali. Saurayi mai shan taba ya ce ya sha na farko sau uku jiya, aka ɗebi jininsa da safe aka ga kaɗan. Matar da ke wata takwas ta ce ɓarin goro ɗaya ta ci, aka ga nata da yawa. Wanda bai san aikin hanta ba zai ce saurayin ya ƙara gishiri, matar ta rage. Ƙila dukansu gaskiya suka faɗa. Jini yana nuna abin da ya rage a jiki a sa'ar da aka ɗiba, baki yana faɗin abin da aka saba sha. Tambayoyi biyu ne mabambanta. Shi ya sa masana suka fi son faraksantin, don ba ya hawa da sauka da sauri kamar kafeyin ɗin kansa, ko da yake shi ma labarin yini ɗaya ko ƙasa da haka yake bayarwa. A babban binciken lafiya da abinci na Amurka na 2009 da 2010 an auna kafeyin da abubuwan da yake rikiɗewa zuwa gare su a fitsarin dubban mutane, aka gwada da abin da suka ce sun sha. An samu dacewa, amma matsakaiciya ce. In an samu irin wannan giɓi, ba za a ɗora laifin duka a kan baki ba, wani kaso na jiki ne, wani na lokacin ɗiba. A wurinmu ma akwai ƙarin abu: fitsarin mutumin da ya yini cikin zafin watan Afrilu bai sha ruwa sosai ba ya fi kauri, sai an gyara lissafi da wannan.

Akwai wani kuskure da nake yawan gani in ana karanta irin waɗannan sakamako. A ce an samu dacewa mai ƙarfi tsakanin takarda da awo, sai a ɗauka takardar tana ba da adadi daidai. Ɗauki mai awon hatsi a kasuwar Katako da tiyarsa ta lotsa a gindi. Wanda ya sayi tiya goma zai fi wanda ya sayi biyar, jeri bai ɓaci ba, amma kowa an tauye shi. Haka takardar tambayoyi ke iya jera mutane daidai daga mai yawan sha zuwa mai ƙaranci, alhali miligiram ɗin da take bayarwa sun kauce gaba ɗaya. Wasu masana lissafi biyu na Birtaniya, Martin Bland da Douglas Altman, sun ja hankalin likitoci kan wannan tun 1986, suka ce a duba tazarar da ke tsakanin awo biyu a kan kowane mutum, kada a tsaya kan tafiyarsu tare. Ga mai neman sanin ko masu yawan sha sun fi kamuwa da wata cuta, jeri ya isa. Ga mai son ya ce 200 ko 300, jeri bai isa ba.

Kuskuren awo kuma ba duka ke ja gefe ɗaya ba, kuma a ganina nan ne ainihin haɗarin. In kuskuren ya bazu a kan kowa ba zaɓe, kamar mai gadinmu da ya faɗa rukunin marasa sha, wani mai shan na uku kuma ya faɗa rukunin masu yawa, rukunan biyu sai su yi kama da juna. Bambancin da ke akwai ya dushe, mai bincike ya ce bai ga illa ba ko bai ga amfani ba. In kuma kuskuren yana bin cutar, sai ya haifi alaƙar da babu ita. Matar da ta yi ɓari takan zauna ta yi ta tunanin duk abin da ta ci da wanda ta sha, wadda ta haihu lafiya ba ta da dalilin wannan bincike a zuciyarta. In an tambaye su bayan abin ya faru, ta farko za ta tuna fiye da ta biyu.

Akwai ma wanda ya fi wannan sarƙaƙiya. Cikin da ke tafiya lafiya ya fi zuwa da laulayi da tashin zuciya da ƙin warin kafe, don haka mai shi takan rage sha da kanta. Cikin da ya riga ya samu matsala sau da yawa laulayinsa kaɗan ne, mai shi ta ci gaba da sha yadda ta saba. A takarda sai a ga masu sha sun fi ɓari, ba a san wanne ya jawo wanne ba. Don kauce wa matsalar tuni, Mark Klebanoff da abokan aikinsa a Amurka sun koma kan jinin mata masu ciki da aka ɗiba tsakanin 1959 da 1966 aka adana fiye da shekara 30. Suka auna faraksantin a jinin mata 591 da suka yi ɓari da 2,558 da suka haihu, suka wallafa a 1999. Haɗarin ya fito ne a wurin waɗanda ke can ƙololuwa, kashi 5 cikin 100 mafi yawa, inda ya kusan ninkuwa. Aiki ne mai kyau, amma ko shi bai warware batun laulayi ba, don jinin ma yana nuna abin da mace ta sha ne bayan cikin ya riga ya canza mata sha'awa. A nan Nijar lamarin yana iya juyewa. Wasu mata goro suke taunawa don ya kwantar musu da tashin zuciya da yawan miyau. In haka ne, mai laulayi mai ƙarfi ita ce za ta ƙara kafeyin, karkatar da ta sa kafe ya yi kama da mai laifi a Turai ta sa goro ya yi kama da mai kariya a wurinmu. Wanda ya kwafo fassarar can ba tare da wannan tunani ba zai yi kuskure sau biyu.

Taba ma tana shiga tsakani. A wani binciken Amurka da aka wallafa a 2012, wanda ya bi mutane sama da 400,000, da farko an ga masu shan kafe sun fi mutuwa. Da aka cire tasirin taba, sai lissafin ya koma ɗaya gefen. Shan taba kuwa shi ma da baki ake faɗinsa, kuma a wurinmu abu ne da saurayi ba zai amsa a gaban mahaifinsa ba, mace kuma da wuya ta amsa a gaban kowa. Kunya tana taɓa shayi ma. Matashin da ake yi wa gorin zaman fada zai rage adadi in dattijo ne ke tambaya, ko in ana tambayar a tsakar gida kowa na ji.

Sai lokaci. Wanda aka tambaya cikin azumi, shansa duka ya koma tsakanin magariba da sahur, jinin da aka ɗiba da azahar kuma zai nuna ya ragu sosai. Lokacin ɗari ba kamar bazara ba ne, makon biki ba kamar sauran makonni ba. Tambayar jiya kaɗai tana kama yini ɗaya da ƙila ba irin sauran ba ne, tambayar shekara guda kuma tana sa mutum ya yi ƙiyasi. Hanyar da ta fi ita ce a maimaita tambayar jiya sau da dama a ranaku da yanayi daban-daban, a haɗa da awon jiki a wani kaso na mutanen, ta yadda kuskuren ɗaya ba zai zama irin na ɗayan ba.

Ni a ganina aikin farko da ke gabanmu ba shi da tsada in an gwada da amfaninsa, kuma ya riga kowace babbar tambaya game da hawan jini ko barci ko ciki. A je fadodi a Bukoki da Talaje da Harobanda, a auna ganyen kafin a zuba, a ƙirga masu sha, a ɗebi finjali ɗaya daga kowane zagaye a kai ɗakin awo. A yi haka wajen masu shayi da masu tebur. A sayi goro iri-iri a kasuwa a auna nauyi da kafeyin, sabo da daushe. A tattara ƙwayoyin ciwon kai da ake sayarwa a titi a karanta abin da ke jikin kwalinsu, don ƙwaya ɗaya ta Panadol Extra tana da miligiram 65, biyu kuma sun fi kofin kafe. Kafeyin sinadari ne mai jure ajiya, kuma miyau yana bin abin da ke cikin jini sosai, don haka ba sai an soki kowa da allura ba. Ɗaliban likitanci da na kimiyyar sinadarai a Jami'ar Abdu Mumuni suna neman batun kammala karatu kowace shekara, wannan kuma aiki ne da za a iya rabawa gida-gida. Takardar tambayoyin da za ta biyo baya a rubuta ta da Hausa da Zabarmanci tun daga farko, mai tambaya ya riƙe finjali da kofin mai shayi da goro manya da ƙanana a hannu, mai amsa ya nuna wanda yake nufi. Mata su tambayi mata, a keɓe.

Ungozomar da ke awon ciki a asibitin unguwa ita ce za ta fara amfana. Yau in ta ce wa mace kada ta wuce miligiram 300, babu ɗayansu da zai iya mayar da wannan lamba zuwa abin da ke cikin buta ko bakin zane. In an yi awon, za ta iya tambaya ko na farko take sha ko na uku, su nawa ke raba butar, goron kuma guda ne ko ɓari, sannan ta faɗa mata wanda za ta rage.